Kundin aikin sikeli da tukunya: Birnin Kebbi, 2025

Asabar, 11 ga Janairu

An buɗe rajistar zaman lura da nauyin jiki yau a wani gida da ke Badariya. Mai gidan ya ba da aron tsakar gida don mata da hantsi, zaure kuma don maza bayan la'asar. Masu riƙe da aikin ma'aikatan lafiya ne na matakin farko, da nas, da unguwarzoma, da mai ilimin abinci. Za a riƙa zama duk bayan mako biyu. Abin da ake son ganowa shi ne: ban da ci da motsa jiki da kowa ya sani, me ke tura nauyin mutum sama ko ƙasa? Wa ke zuba masa abinci, wa ke yaba jikinsa, wa ke yi masa gori, me ke hana shi barci?

Kayan aiki: sikeli mai batir, tef na tela wanda ba ya miƙewa, injin awon jini, injin gwajin suga, ƙullin igiya, littafin rajista. A kan siminti ake ɗora sikeli, domin a kan tabarma ko yashi ƙarya yake yi. Kafin a fara a gwada shi: mutum ya hau shi kaɗai, ya sake hawa riƙe da jarkar ruwa mai lita 5. Bambancin ya zama kilo 5 da ɗan nauyin jarka. In ya kauce, a canza batir.

Lissafin BMI, wato ma'aunin nauyin mutum gwargwadon tsawonsa: nauyi a kilo, a raba shi da tsawo a mita sau kansa. Mace mai tsawon mita 1.60 da nauyin kilo 82, tsawonta sau kansa 2.56 ne, 82 a raba da 2.56 ya ba da 32. Daga 18.5 zuwa 24.9 daidai ne, 25 zuwa 29.9 nauyi ya wuce kima, 30 zuwa sama kuwa ƙiba ce da likita ke ɗauka a matsayin cuta. Kewayen ciki ana auna shi a tsakiya tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, bayan an fitar da numfashi, ba tare da an matse tef ba. Mace ta fara hattara daga santimita 80, haɗarin ya yi yawa daga 88. Namiji 94 da 102.

Wanda lissafi ke ba wahala an ba shi igiya. A yanke ta daidai tsawon mutum, a ninke biyu, a kewaya ciki. In bakunan sun haɗu, madalla. In ba su haɗu ba, teɓa ta wuce rabin tsawonsa. Kowa ya tafi gida da tasa. Masu ciki ba a sa su cikin maganar rage nauyi ba, awon ciki za su ci gaba da zuwa.

Asabar, 25 ga Janairu

Mata da dama ba su dawo ba. Da aka bi su gida, sai aka gano kuskure biyu, duka daga wajen masu aikin.

Na farko, an riƙa faɗin lambar sikeli da ƙarfi don mai rubutu ta ji, alhali maƙwabta na zaune. Daga yau an rataya labule, mai awo ita ce mai rubutu, a katin mai ita ake rubuta lamba a miƙa mata. Ba a yarda da tsokana ba ko da ta wasa ce, ko tsakanin taubasai. Wadda aka kunyata a kan jikinta ba ta rage ci, guje wa wurin awo take yi, sau da yawa ma ta koma cin abinci a ɓoye.

Na biyu ya fi zurfi. An sanar da zaman da sunan "rage ƙiba", kuma a nan rama ba ta da suna mai kyau. Matar aure in ta rame, tambayar da ke biyo baya ita ce "ko lafiya?", zato kuwa uku ne: ciwo irin tarin fuka ko ƙanjamau, ko maigida ya kasa riƙe ta, ko kishiya ta sa ta gaba. Ramarta tonon asirin mijinta ce. Wadda ta yi ƙiba kuwa sai a ce ta murje, ta samu wuri, hutu ya karɓe ta. Mace mai hankali ba za ta shiga abin da zai sa dangin miji su fara ƙus-ƙus ba, kuma tana da gaskiya. An mayar da sunan zaman "lura da hawan jini da suga".

An kuma bayyana abin da ake nema da lamba: kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi a wata shida, kada saurin ya wuce rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. Ga mai kilo 82, kilo 4 zuwa 8 ke nan. Kilo huɗu ba zai sa zane ya zame ba, maƙwabta ba za su lura ba, amma jini da suga suna lura. Binciken rigakafin ciwon suga da aka yi a Amurka kan mutum sama da 3,000, wanda ya fito a 2002, ya nuna waɗanda aka sa wa burin rage kashi 7 na nauyi da motsa jiki minti 150 a mako, kamuwarsu da ciwon ta ragu da kashi 58.

Wani gyaran: maɗaurin damtse na injin awon jini ya yi wa masu kauri kaɗan, kuma ƙaramin maɗauri yana nuna jini ya hau fiye da yadda yake. Damtsen da ya wuce santimita 32 babban maɗauri yake so. An sayo, an sake awon duk waɗanda abin ya shafa, bayan sun zauna minti biyar, hannu a jingine daidai ƙirji. Wanda ya kai 140 bisa 90 a ranaku biyu daban an rubuta masa takardar asibiti.

Asabar, 8 ga Fabrairu

"Me kika ci jiya?" tambaya ce marar amfani. Amsarta kullum "tuwo". An sauya ta zuwa "daga sallar asuba zuwa kwanciya, me da me ya shiga baki?" Nan abubuwa suka fito: ɗanɗanen miya, ragowar abincin yara da ake cinyewa don kada a yi almubazzaranci, fura da suga da rana, lemon da aka buɗe wa baƙuwa aka taya ta sha, cincin da dubulan na biki.

Mai ne babban abin da ba a gani. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja, wato mililita 15, kusan kalori 120 ne (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki). Kwalba mai santilita 75 cokali 50 ce, kusan kalori 6,000. Gidan mutum goma da ke ƙarar da kwalba a kwana uku, kowa yana shan kalori 200 a rana daga mai kaɗai. An ba kowane gida aiki: a ja layi da alƙalami a jikin kwalba kowace safiya har mako guda, a daina tuttulawa daga kwalba, a riƙa aunawa da cokali.

Sai dai cokali ba ya aiki inda ake rabon girki. Ranar girki ranar nuna gwaninta ce. Miyar da mai bai taso samanta ba ana karanta ta a matsayin rowa ko rashin iya girki, kuma ba wadda za ta yarda tata ta fi ta abokiyar zamanta bushewa. Uwargida ta rage, amarya ta ƙara, maigida ya yaba ta amarya, aiki ya rushe a kwana biyu. Don haka ƙa'ida daga yau: ba a karɓar mace ɗaya daga gida mai tukunya ɗaya. Duk masu girki su zo tare, maigida kuma ya faɗa da bakinsa a gabansu cewa shi ya nemi a rage. Ragewar a hankali ce, cokali ɗaya daga kowane huɗu, a yi mako biyu a haka kafin a sake ragewa. Harshe yana sabawa in ba a yi masa gaggawa ba.

Haka batun tire. Wadda ke ci da mutum biyar a tire ɗaya ba ta san abin da ta ci ba, amma in ta ware kwanonta ta koma gefe sai a ce girman kai. Mafita: ta zauna cikin da'irar, da ƙaramin kwanonta a gabanta. Rabinsa ganye (zogale, alayyahu, rama, tafasa, kabeji), malmalar tuwo kamar dunƙulen hannunta, sauran wake ko kifi ko nama.

Wannan ba abin garinmu kaɗai ba ne. A garin Framingham na Amurka an bi mutum 12,067 daga 1971 zuwa 2003, sakamakon ya fito a 2007: wanda abokinsa ya yi ƙiba, yiwuwar shi ma ya yi ta ƙaru da kashi 57, ɗan'uwa kashi 40, miji ko mata kashi 37. Masana sun yi gardama kan ko yaɗuwa ce ko kuwa masu hali ɗaya ne ke neman juna. Ko wanne ne, darasin aiki ɗaya ne: a kama gida da abokai tare.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Wasu daga cikin matasan mata nauyinsu ya hau da saurin da abinci ba zai yi ba, kuma siffar iri ɗaya: fuska ta yi zagaye ta kumbura, kitse ya taru a bayan wuya, ciki ya fito, hannu da ƙafa sirara, faffaɗan layuka masu duhu a ciki da cinya, ƙuraje, al'ada ta rikice, suga da jini sun hau. Wannan aikin ƙwayar da ake kira sha-ka-fashe ne.

Yawanci magani biyu ne a ciki. Sifroheftadin maganin ƙaiƙayi da mura ne da ke buɗe ciki ya sa barci. Deksametason kuwa maganin kumburi ne mai ƙarfi, yana tara ruwa da gishiri, ya kwashe kitse ya jibge a ciki da fuska, ya cinye tsoka, ya raunana ƙashi da garkuwar jiki. Abin da ake gani kamar murjewa cuta ce. Wasu mayukan bilicin ma suna ɗauke da dangin wannan maganin, fata tana tsotse shi in an daɗe ana shafawa.

Abin da kowane mai aiki ya haddace: wadda ta sha deksametason fiye da mako uku kada ta daina rana ɗaya. Akwai ƙananan gaɓɓai a saman ƙoda da ke yin sinadarin kotisol, wanda deksametason ke kwaikwayon aikinsa. In ana shan na ƙwaya sai su kwanta. A yanke kwatsam, jiki ya rasa duka biyun: kasala, amai, jini ya faɗi, suma, har mutuwa. Likita ne ke rage shi mataki-mataki. Ana ce mata ta zo da kwalin ko ƙullin ledar yadda yake, domin da yawa a haɗin gyaran jiki marar suna ake sayar musu, ko ta WhatsApp.

Dalilan sha ba su wuce uku ba: biki ya matso, an ji maigida na neman aure, ko an sha gori a taro. Faɗa ba ya magance ko ɗaya daga cikinsu, ɓoye kwalin kawai zai sa a yi. Ana fara tambaya ne a keɓe: "Ƙanwata, akwai abin da kike sha don jiki ya cika? Da yawa suna sha, faɗa min mu ga yadda za a sauke shi lafiya."

Talata, 4 ga Maris

Azumi ya kwana huɗu, an ɗauka ranar Asabar. Yau kuma Ranar Yaƙi da Ƙiba ta Duniya. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 sun ce mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana da ƙiba. An dakatar da zama, an raba tsari a takarda: dabino da ruwa, a yi magariba, sannan abinci. Soye-soye kala ɗaya a rana, ko ƙosai ko dankali. Sukarin kunu a auna: iyakar babba a yini giram 50 ne, kimanin ƙaramin cokali 12, rabin haka ya fi. Lemon kwalba yakan ɗauki kusan giram 10 a kowane mililita 100, wato gora mai santilita 50 ta cinye rabon yini. Kada a bar sahur. Masu shan maganin suga an riga an tura su likita kafin wata ya tsaya.

Asabar, 12 ga Afrilu

Mako biyu bayan ƙaramar Salla. Abin da aka rage da azumi ya dawo a yawancin katuna, kuma haka aka saba gani a bincike: kusan kilo ɗaya ke sauka, ya dawo cikin 'yan makonni. Matsalar ita ce yadda mutane suka ɗauki abin. "Tunda na ɓata, shi ke nan" ita ce maganar da ta fi yawa, kuma mai wannan tunanin yini ɗaya na yawon Salla yakan zame masa wata guda na sakaci. An nuna musu cewa kilo ɗaya ko biyu da ke hawa bayan kwana biyu na shinkafa da miya mai gishiri yawancinsa ruwa ne. Ƙa'ida: bayan biki ko Salla, abinci na gaba a koma tsari, ba a ramuwa da yunwa. Yunwar safe ce ke haifar da cin dare.

Zafi ya haura digiri 40, tafiyar rana ba ta yiwuwa. Minti 150 a mako minti 30 ne sau biyar, kuma ana iya raba shi goma-goma. Ga matan da ba sa fita, kewayen tsakar gida bayan asuba, su biyu ko uku tare. Mace ɗaya in tana kewaye ita kaɗai yara dariya suke yi, in suna da yawa ba mai magana.

Asabar, 3 ga Mayu

An ƙara tambaya biyu a bayan labule: "A mako biyun nan, abubuwan da kike jin daɗinsu da sun fita daga ranki?" da "Kina jin ƙunci ko yanke ƙauna a yawancin ranaku?" Wadda ta amsa e ga ɗaya, nas ce ke zama da ita. In akwai tunanin cutar da kai, ranar za a kai ta asibiti tare da wani nata.

Damuwa tana ja ta ɓangare biyu. Wata abinci ke fita ranta ta rame, wata kuma in rai ya ɓaci sai ta nemi zaƙi da maiƙo, musamman da dare bayan kowa ya kwanta. Kotisol da jiki ke yi lokacin fargaba mai tsawo yana ƙara kwaɗayi, yana tara kitse a ciki. Ƙiba na jawo baƙin ciki, baƙin ciki na jawo ƙiba. Gidajen da ke riƙe da 'yan'uwan da suka baro ƙauye saboda 'yan bindiga sun fi nuna wannan: baki ya ƙaru, barci ya ragu, uwargida ce ke ɗauke da kowa.

Barci ma yanzu ana rubuta shi a kati. Babba yana bukatar awa bakwai ko fiye. Da zafi da sauro da rashin wuta, da yawa ba sa kaiwa biyar kafin asuba. Wani gwaji a Chicago a 2004 ya nuna dare biyu na barcin awa huɗu ya isa ya rage leftin, sinadarin ƙoshi, ya ƙara girelin, sinadarin yunwa. Shawara mai yiwuwa a nan: gidan sauro a waje, ajiye waya bayan isha'i, ƙailula gajera.

A duba magunguna kafin a zargi mutum da ci. Olanzafin na taɓin hankali, amitriftilin na damuwa, balfurowet na farfaɗiya da insulin na ciwon suga duk suna iya ƙara nauyi, allurar tazarar haihuwa ta wata uku ma tana ɗan ƙarawa ga wasu. Ba a dainawa, likita ake gaya wa.

Wanda kuma ya rame ba da nufi ba, fiye da kashi 5 cikin wata shida zuwa shekara, ba a taya shi murna. Gwajin suga, tarin fuka, ƙanjamau da maƙoƙo ake tura shi. Suga kafin karin kumallo in ya kai 126 a injin miligiram, ko 7.0 a na milimol, a maimaita a asibiti.

Asabar, 24 ga Mayu

Zama da iyaye mata da surukai kan jego. Kwana arba'in na kunu mai suga, farfesu, gasasshen nama da zama wuri ɗaya, a maimaita shi haihuwa shida ko bakwai, kowace ta bar kilo biyu ko uku da ba su sauka ba kafin wani cikin ya shiga. Amma mai jego ba ita ke da iko da kwanonta ba. Uwa in ta ga 'yarta ta dawo arba'in ba ta cika ba, cewa za ta yi, "Mi kunka yi ma ɗiyata?" Saboda haka da Inna da Gwaggo aka yi magana, kuma ba a ce su daina kula ba. Mai shayarwa tana bukatar ƙarin kusan kalori 500 a rana, wato ƙarin abinci ɗaya matsakaici. A bar mata nama da kifi da ganye da nono, a rage sukarin kunu, a bar ta ta taka cikin gida. Kunun kanwa kuwa an roƙi a bar shi, domin kanwa gishiri ce mai tara ruwa, kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ta da ciwon zuciyar masu jego. Kumburin ƙafa da haki bayan haihuwa na asibiti ne, a ranar.

Abu mai ciwo: a gida ɗaya ana samun uwa mai BMI sama da 30 da yaro wanda ya tsumbure. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 66 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Kebbi sun gaza tsawon shekarunsu, mafi yawa a Najeriya, a lokacin da kashi 28 na matan ƙasar masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima. Tukunyar ɗaya ce: ga tuwo ga mai, babu abin gina jiki. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 ƙwai da kifi suka yi nisa da gidaje da yawa, taliya da gari suka zauna. Kuɗin da aka rage daga mai da suga da lemo, ana ba da shawarar a mayar da shi wake, gyaɗa da ƙwai na yara.

Asabar, 14 ga Yuni

Babbar Salla ta wuce ranar 6. An ba da shawarar yanke kitse kafin suya, a kuma bar man suyar nama daga shiga miya.

Rukunin maza ya fi wuyar riƙewa. Tumbi a wajensu alamar rufin asiri ce, kuma yawancin abin da ke ƙara shi a waje ake ci: shayi mai madara da suga da safe, tsire da lemo a majalisa da dare, kabu-kabu ko mota ko da tafiyar minti biyar ce, don kada a ga Alhaji a ƙasa a ce ya karye. Mutum ɗaya ba ya iya cewa a'a in aboki ya saya masa. Majalisa guda ta amince gaba ɗayanta: ruwa maimakon lemo, suga cokali ɗaya a shayi, a taka zuwa masallaci na biyu mafi kusa. Limamin unguwa ya karanta aya ta 31 ta Suratul A'araf da hadisin kashi uku, ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi. Daga bakinsa maganar ta fi shiga.

Asabar, 12 ga Yuli

Wata shida. An sake awon nauyi, ciki, jini da suga. Inda igiya ta fara matsowa su ne gidajen da duk masu girki suka zo tare kuma maigida ya yi magana, sai majalisar nan guda. Waɗanda suka zo su kaɗai yawancinsu suna nan inda suke, kuma ga mai ƙaruwa duk shekara, tsayawa wuri ɗaya ma ci gaba ne, haka aka rubuta musu a kati. Ba za a fitar da lambar nasara ba sai an auna waɗanda suka daina zuwa, domin lissafi da masu zuwa kaɗai yana ƙawata sakamako.

Damina ta kankama, maza da yawa sun koma gonakin shinkafa, nauyinsu zai sauka don aiki, a rubuta hakan a gefen kati kada a jingina shi ga zaman. Kafin zaman 26 ga Yuli: a bi gidajen da suka yanke da sikeli da labule, a tabbatar masu sauke deksametason suna kan jadawalin likita, a zauna da masu kemis na unguwa kan sayar da shi ba takarda, a sayo tsinken gwajin suga domin na yanzu wa'adinsa zai ƙare a Agusta.